Kurakuran da aka fi yi wajen sayen littafin jita na waƙoƙin Beatles

Littattafan jita na Beatles sun yi yawa a kasuwa, kuma bangonsu kusan iri ɗaya ne: hoton samarin nan huɗu na Libaful da sunan ƙungiyar da manyan haruffa. Bambancin yana ciki. Akwai wanda zai nuna maka inda George Harrison, makaɗin jitar ƙungiyar, ya ɗora yatsunsa, akwai kuma wanda sunan sauti kawai zai ba ka, ya bar ka kana lalube.

Kuskuren farko shi ne sayen littafin fiyano da zaton na jita ne. Idan ka ga an rubuta PVG a bango, tsarin na fiyano ne da murya, jita kuwa an manna mata 'yan zane-zanen kod ne, wato jerin sautukan da ake kamawa a kaɗa tare, a saman layi. Ɗauki "Yesterday" ta 1965. A faifai tana fita a F, don haka irin wannan littafi zai rubuta F, Em7, A7, Dm da Bb, ya sa ɗan koyo danne tsirkiyoyi shida da yatsa ɗaya har hannu ya ƙage. Alhali Paul McCartney, ɗan ƙungiyar da ya kaɗa ta, bai kaɗa ta haka ba. Ya sassauta kowace tsirkiya da cikakken mataki ɗaya, suka koma D, G, C, F, A, D, sannan ya kama siffar G. Sautin littafin daidai ne, amma hannun ba nasa ba ne, shi ya sa kiɗan ke fita a ɗaure. Ka duba saman shafin farko na waƙar. Littafin kirki zai faɗi yadda za a saita tsirkiya tun kafin layi na ɗaya.

Haka batun kafo, wato mamatsin nan da ake ɗaurawa a wuyan jita don ɗaga sauti. "Here Comes the Sun" ta faifan Abbey Road na 1969 da kafo a firet na 7, wato gaɓa ta bakwai a wuyan jita, ake kaɗa ta, hannu na kan siffar D, kunne na jin A. Littafin da ya ce ka kama A a gindin wuya ya raba ka da siraran sautukan sama waɗanda su ne waƙar. "Norwegian Wood" kuma kafo a firet na 2, siffar D, tana fita a E. Amma ko littafin ya ambaci kafo, akwai wani rami a gaba. Wasu suna ƙirga lambobin tab, wato rubutun jita mai nuna tsirkiya da firet ɗin da za a danna, daga kafo, wasu daga farkon wuya. A tsarin farko, idan kafo na kan 7, lamba 0 na nufin ka kaɗa tsirkiyar a sake, lamba 2 kuma firet na 9 ne na ainihi. Wanda bai lura ba zai sa yatsa a bayan kafo ya rasa dalilin da sauti bai canza ba. Yawanci akwai ɗan bayani da ƙananan haruffa ƙarƙashin sunan waƙa. A karanta shi.

Shi kansa tab ɗin, masu farawa kan karanta shi a kife. Layi shida ne, na ƙasa shi ne tsirkiya mai kauri, na sama ita ce siririya.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce tab maras ma'aunin lokaci. Lambobi kaɗai ba sa faɗin tsawon da za ka riƙe sauti, kuma waƙoƙin Beatles ba duka suke tafiya huɗu-huɗu ba. Tsakiyar "Here Comes the Sun" tana shiga 11/8 da 7/8, "Blackbird" ma tana sauya ma'auni a cikin baiti. In babu rubutun kiɗa na asali a saman tab, ko aƙalla sanduna da tutoci a ƙasan lambobi, sai ka dinga shiga kafin lokaci kana zargin yatsunka. Nemi wanda ya haɗa biyun, ko da ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba tukuna. Tazarar alamomin ma tana nuna maka inda ake jinkirtawa.

Wani kuskuren shi ne ɗauka cewa jita ɗaya ce a faifai. A "And Your Bird Can Sing" ta 1966, Harrison da McCartney ne suka kaɗa layin nan mai sauri tare, kowa da nasa sautin. Wasu littattafan sukan cusa biyun a layi ɗaya ba tare da sun faɗa ba, mai koyo ya yi wata yana fama da abin da hannu huɗu suka yi. Littafin da ya san aikinsa zai raba su, jita ta 1 da jita ta 2. In kai kaɗai kake kaɗawa, ɗauki layin sama, shi ne wanda kunne ya fi ganewa. Kamfanin Hal Leonard yana da jerin da yake kira Guitar Recorded Versions, inda ake bin faifai sauti bayan sauti, kuma a nan ne aka fi samun wannan rabon.

Sai dai kada son daidaito ya kai ka sayen abin da ya fi ƙarfinka. The Beatles Complete Scores yana da shafi sama da 1,000 da waƙoƙi sama da 200, an rubuta murya, jita, bes da ganguna duka. Don bincike da sasanta musu ba shi da na biyu, ko da yake shi ma ba a rasa kurakurai a cikinsa. Amma rubutun ƙanana ne ƙwarai, littafin ga nauyi, kuma da yake kowane shafi na ɗauke da kayan kiɗa da yawa, layin jita kaɗan ne a kansa, sai ka yi ta juya shafi hannunka biyu na kan jita. Mai son rera waƙa yana kaɗawa a ɗaki, littafin kalmomi da kod ya ishe shi, muddin ya faɗi kafo da saitin tsirkiya. Waɗanda aka rubuta wa Easy Guitar kuwa sukan sauya sautin waƙar gaba ɗaya don guje wa kod mai wuya, saboda haka ba za ka iya bin faifai da su ba. A duba ɗinki ma: mai zoben waya yana kwanciya a buɗe, mai gam kuwa rufewa yake a tsakiyar amshi.

Wani lokacin kuma littafin bai yi laifi ba. "Strawberry Fields Forever" ta 1967 ɗauka biyu ce aka haɗe, aka ƙara wa ɗaya gudu aka rage wa ɗaya, sai sautin ya tsaya tsakanin A da Bb. Duk wanda littafi ya zaɓa, jitar da aka saita daidai ba za ta zauna daram da faifan ba. "When I'm Sixty-Four" ma an ƙara wa tef ɗinta gudu, ta tashi daga C zuwa Db. Maganin shi ne manhajar da ke ɗaga sautin waƙa ko sauke shi kaɗan, ko ka murɗa tsirkiyoyinka da kunne har su haɗu da faifan.

Kafin ka biya kuɗi, buɗe littafin ko shafukan samfurin da masu sayarwa ke sawa a intanet, ka nemi waƙa uku. "Yesterday" ta ce a sassauta tsirkiya? "Here Comes the Sun" ta ce kafo a 7? "And Your Bird Can Sing" an raba jita biyu? In littafi ya gaza a biyu daga ciki, ajiye shi ka duba wani. In kuma kana gwada shi da bidiyon wasanninsu, ka tuna McCartney bahago ne, hannun Harrison ko na John Lennon za ka kalla.