Kukis a Wayarka: Wanda Za Ka Bari da Wanda Za Ka Kora

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a unguwarmu ta shigo shagona da hantsi, ta dire wayarta a kan tebur. "Ɗana, duba min wannan abar. Wallahi saurarona take yi." Na ce, "Hajiya, lafiya? Me ta yi?" Ta ce shekaranjiya ta duba kuɗin keken ɗinki a wani shafin sayar da kaya, tana so ta saya wa 'yarta da ta gama koyon tela, ba ta ma kai ga saye ba. Tun daga ranar, in labarai ta buɗe keken ne, in bidiyon wa'azi za ta kalla shi ne zai fara leƙowa. Launi ɗaya, kamfani ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a shagon kwamfuta kusa da ƙofar wata makaranta a Zariya, ina buga takardu, ina cike wa ɗalibai fom, ina saita wa mutane waya, kuma wannan ƙorafin ba ya wata bai zo min ba. Wayar Hajiya ba kunne ta kasa mata ba. Sawunta aka bi, kuma babban abin da aka bi shi da shi shi ne kukis.

Ka san 'yar lambar da mai gadin babura yake miƙo maka in ka ajiye mashin a bakin kasuwa? Bai san sunanka ba, bai damu ya sani ba, amma da ka dawo ka nuna lambar ya gane kai ne. Kuki haka yake. Ɗan guntun rubutu ne, bai wuce kilobayit 4 ba, wanda shafin intanet yake ajiyewa a cikin burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita irin su Chrome da Opera da Firefox. Duk lokacin da ka koma shafin, burauzar ce da kanta take nuna masa lambar. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro dabarar a 1994 a kamfanin Netscape na Amurka, saboda shafi ba shi da ƙwaƙwalwar tuna baƙo: kowane latsi sabon mutum yake ɗaukarka. Ba don kukis ba, da kayan da ka zuba a kwandon saye sun zube kafin ka kai wurin biya, kuma da kowane shafi na imel ɗinka sai ka sake rubuta kalmar sirri.

Wannan shi ne kukin mai gida, na shafin da ka je da ƙafarka. Ba ni da rigima da shi. Wanda ya dami Hajiya na baƙo ne. Shafin da kake gani kamar abu ɗaya, a gaskiya haɗe-haɗe ne: labarin na masu shafin ne, amma gurbin talla na wani kamfani ne, bidiyon na wani, na'urar ƙirga masu shigowa ta wani. Kowannensu yana iya manna maka tasa lambar. Ɗauka dillali ɗaya ne yake da benci a ƙofar shaguna dubu. Ya gan ka a shagon kekunan ɗinki ya rubuta, ya gan ka a kantin magani ya rubuta, ya gan ka wurin masu tikitin jirgi ya ƙara. Kafin wata guda littafinsa ya san abin da ko maƙwabcinka bai sani ba. In kuma a wannan wayar kake shiga Facebook ko Gmail, haɗa lambar da sunanka ba wani aiki ba ne.

Kafin in zo kan dillalin, bari in fara da abin da ya fi tsaya min a rai, domin shi ne nake gani yana jawo asara ta gaske.

Idan ka rubuta kalmar sirri ka shiga asusunka, shafin yana ba ka kuki wanda yake cewa an riga an tantance wannan mutumin. Daga nan wannan kukin makulli ne. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar bayanka ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ba kuma za a turo masa lambar tabbatarwa ta waya ba, ƙofa a buɗe zai tarar. Kusan kullum da yamma in na zo rufe shago sai na samu imel ɗin wani ɗalibi a buɗe a ɗaya daga cikin kwamfutocina. Ya zo ya fitar da takardar JAMB ko ta biyan kuɗin makaranta, ya danna alamar rufewa a can kusurwa, ya tafi yana ganin ya gama. Rufe shafi daban, fita daga asusu daban. Ni nakan fitar da su in goge, amma ba kowane shago ake yin haka ba, kuma a cikin imel ɗin nan akwai hoton katin NIN, akwai saƙonnin banki, akwai hanyar canza kalmar sirrin duk sauran asusun mutum.

Saboda haka in za ka yi amfani da kwamfutar da ba taka ba, kafin komai ka danna Ctrl da Shift da N tare a Chrome, ko Ctrl da Shift da P a Firefox. Taga mai duhu za ta buɗe, kuma duk kukis ɗin da aka tara a cikinta suna gogewa da zarar ka rufe ta gaba ɗaya. Kada ka saka alama a akwatin "Remember me" ko "Keep me signed in". In ka gama, ka nemo "Sign out" ko "Log out" ka danna da hannunka, sannan ka rufe tagar. Kada kunya ta hana ka, ko da mai shagon ne yake buga maka, ka ce, "Malam, don Allah fitar da ni kafin in tashi." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

In ka riga ka isa gida sannan ka tuna, ba sai ka koma ba. A wayarka ka shiga asusun Google, ka je "Security", ka duba "Your devices", ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba. A Facebook wurin yana ƙarƙashin "Password and security", sunansa "Where you're logged in". A WhatsApp kuma ka leƙa "Linked devices", musamman in ka taɓa haɗa shi da kwamfutar shago don tura takarda. Haka nan in za ka sayar da waya ko ka ba ƙaninka, ka cire asusunka sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Goge hotuna kaɗai bai wadatar ba.

Ana kuma satar makullin nan daga nesa. A 2021 Google ta bayyana yadda ake aika wa masu tashoshin YouTube saƙon ƙarya na tayin talla, a ce su sauke wata manhaja su gwada, manhajar ta kwashe kukis ɗinsu a ƙwace tashar. Matasanmu masu tashoshi da masu sauke manhajojin kwamfuta na sata daga ko'ina, wannan da ku ake.

To, mu dawo kan dillali. Akwatin nan da yake tare maka fuska in ka buɗe shafi yana neman ka yarda da kukis, asalinsa dokokin Tarayyar Turai ne, kuma ya yawaita ne bayan dokarsu ta kare bayanai mai suna GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Yawancin mutanen da nake zama da su "Accept all" suke dannawa don abin ya kauce, data tana tafiya. Ka daure ka ƙara daƙiƙa biyar. In akwai "Reject all" ko "Necessary only", shi za ka danna, shafin zai yi aiki yadda ya saba. In babu, ka shiga "Manage" ko "Settings" ka kashe komai ban da wanda aka ce dole ne. Ka duba da kyau ko akwai wani ɓangare mai suna "Legitimate interest", domin sau da yawa a can ake barin maɓallai a kunne bayan ka kashe na gaba. Wahalar da ake ba ka da gangan ce. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci tarar Google yuro miliyan 150, ta ci Facebook miliyan 60, kan abu ɗaya: yarda latsi guda, ƙin yarda kuma sai an sha zagaye. Mu ma a Najeriya muna da Dokar Kare Bayanai da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumarta NDPC, kuma dokar ta ba ka damar janye yardarka bayan ka bayar.

Amma bin akwati ɗaya-ɗaya gajiya ne. Gara ka rufe ƙofar daga tushe. A Chrome na waya ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka shiga "Settings", ka nemi "Privacy and security" ko "Site settings", ka shiga "Third-party cookies", wato kukis na baƙi, ka zaɓi toshewa. Sunayen sukan ɗan motsa daga wannan sabuntawa zuwa waccan, amma kalmar "third-party" ita za ka riƙe. Firefox ta fara toshe kukis masu bin sawu da kanta tun 2019, Safari ta masu iPhone ta toshe na baƙi gaba ɗaya a 2020. Google ta yi alkawari a Janairun 2020 za ta cire su daga Chrome cikin shekara biyu, ta yi ta ɗagawa, a Yulin 2024 ta ce ta fasa. Kamfanin da mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa ne, don haka ni na daina jira, da hannu nake yi wa kowa. Jefi-jefi za ka haɗu da shafin biyan kuɗi ko na makaranta da zai ƙi tafiya daidai. Sai ka buɗe wa wannan shafin kaɗai, in ka gama ka mayar.

Manhajojin waya kuwa ba su cika dogara da kukis ba. Kowace wayar Android tana da lambar talla guda wadda wasanni da manhajojin kyauta suke karantawa. A saitin wayar ka shiga "Google" ko "Privacy", ka nemi "Ads", za ka ga "Delete advertising ID". Mai iPhone, in manhaja ta tambaye shi, ya zaɓi "Ask App Not to Track", tsarin da Apple ta kawo a Afrilun 2021. Sai wurin da nake so kowa ya gani da idonsa: a Facebook ka shiga "Accounts Center", ka je "Your information and permissions", ka buɗe "Your activity off Meta technologies". Jerin shafuka da manhajojin da suka kai rahotonka ne ga Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook. Na sha ganin mutum ya yi shiru yana jan jerin da yatsa, yana cin karo da wuraren da shi kansa ya manta ya taɓa shiga. A nan za ka iya goge na baya, ka kuma yanke na gaba.

Ba zan ce maka da wannan ka ɓace ba. Taga mai duhu tana ɓoye ka ne daga wanda zai taɓa na'urar bayanka, ba daga shafin ba, ba kuma daga kamfanin layinka ba. Akwai kuma dabarar gane waya ba tare da kuki ba, ta hanyar haɗa girman allonta da irin ta da harshenta da agogonta har su zama kamar zanen yatsa. Firefox da wata burauza mai suna Brave suna rage wannan, shi ya sa nake saka wa mutane ɗaya daga cikinsu don yawon karatu, su bar Chrome ga imel da banki. In za ka tura wa mutane adireshin shafi a zauren WhatsApp, ka duba wutsiyarsa: in ka ga alamar tambaya sannan "fbclid" ko "utm" da dogon shirme, yawanci za ka iya yanke shi daga alamar tambayar, shafin zai buɗe lafiya.

Gogewa na bar wa ƙarshe saboda tana da sharaɗi. A Chrome sunanta "Delete browsing data", ka saka alama a kan kukis, ka zaɓi "All time". Amma ka tuna makulli ma kuki ne, za a fitar da kai daga shafukan da kake ciki. Mutanenmu da yawa ba su san kalmar sirrinsu ba, domin ranar da aka sayi wayar wani yaro a kasuwa ne ya buɗe musu asusun. Kada ka goge sai ka tabbatar kana da ita, kuma layin da aka yi rajista da shi yana hannunka.

Nan muka tsaya da Hajiya. Na toshe mata kukis na baƙi, na goge lambar talla, na yanke rahoton da ake kaiwa. Da na zo gogewa na ce, "Hajiya, kin san kalmar sirrinki?" Ta ce, "Wace kalma kuma, ɗana?" Sai da muka kira babban ɗanta a Kaduna, shi ma ya ce a ba shi zuwa azahar ya duba wani tsohon littafi. Da ya turo, na sa ta canza ta zuwa wadda za ta iya riƙewa, ta rubuta da ajami a bayan wani rasit ta cusa a jakarta, sannan na goge. Bayan kwana huɗu ta biyo ta ƙofar shagon za ta kasuwa, ta ɗaga min wayar daga nesa. Talla tana nan, ta ce, yanzu ta taliya ce da ta layin waya, amma keken ya daina zuwa. Keken kuwa ta saye shi a Sabon Gari, hannu da hannu, bayan ta taya sau uku.