Yadda ake zanen bakin ruwa da fentin ruwa irin na su Turner

Ba teku a Kano ko Jigawa, amma dam ɗin Tiga da fadamar Baturiya sun ishi mai son koyon abin da masu zanen Ingila irin su Turner suka ƙware a kai a ƙarni na 19: sama, ruwa, da kwale-kwale. Fentinsu garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake ɗiba a dazukan Jigawa. A 1835 masu kamfanin fenti na Winsor & Newton suka ƙara masa gilisarin don kada ya ƙandare.

Takarda ce gaba da komai. Nemi mai kauri, giram 300 a kowace murabba'in mita. Ta littafin makaranta da ta sha ruwa sai ta kumbura. Jiƙa takarda mai kaurin nan minti biyar, ka manne gefunanta a allo, ta bushe. Launi uku sun wadatar: shuɗi, rawaya, da jan ƙasa.

Da sama ake farawa. John Sell Cotman, wanda ya zauna a Yarmouth bakin teku, ya yi suna wajen shimfiɗa launi sumul ba tabo. Karkata allon kaɗan, ka dama launi fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, ka ja babban buroshi daga wannan gefe zuwa wancan. Ruwa zai taru a ƙasan layin. Shi za ka janyo da layi na gaba. Kada ka koma gyara inda ya fara shanyewa, nan take zai yi zobe mai baƙin baki. A nan yanayinmu ya saɓa da nasu: iskar Ingila da laima, hunturu kuwa kafin ka sake tsoma buroshi layin ya bushe. Yi aiki da sassafe a inuwa, ka shafa wa takardar ruwa tukuna, ka ɗiga zuma kaɗan a launin. In ta yi yawa, sai danƙo da ƙudaje.

Ruwan kuma ka zana abin da idonka ya gani. Da damina kogin Haɗejiya ruwan ƙasa ne, ba shuɗin taswira ba. Farin ƙyalli ba fenti ba ne, takardar ake bari. J.M.W. Turner (1775–1851) da farcen babban yatsa yake kankare shi. Reza ma ta yi, amma sai zanen ya bushe ƙayau.

Kwale-kwale da masunci su ne na ƙarshe, da launi mai kauri da ƙaramin buroshi. Inuwarsu a ruwa ta sauka tsaye ƙarƙashinsu, a kakkarye.