Yadda Ake Tayar da Babur Idan Ya Ƙi Tashi Bayan Ya Faɗi

Babur ɗin da yake tafiya lafiya lau minti biyu da suka wuce, da wuya a ce injinsa ya mutu don kawai ya kwanta a ƙasa. Galibi faɗuwar ce ta gusar da wani ɗan abu daga mazauninsa, ko ta kai mai inda bai kamata ya je ba. Saboda haka ajiye sifana tukuna, ka fara da abin da ido ke gani.

Kashe makulli, ka ɗaga shi, ka kafe shi a tsaye. Idan yana da makunnin mai a ƙarƙashin tanki, rufe shi. Sannan ka ƙyale shi minti 5 zuwa 10, fetur da baƙin mai su koma gurbinsu. Mutane da yawa a nan suke ɓata lamarin: kunyar faɗuwa a gaban jama'a ta sa su danne sitata har batir ya mutu, matsala ɗaya ta zama biyu. Idan kana jin warin fetur, kada kowa ya matso da sigari.

Yanzu duba jan maɓallin nan na kashe inji da ke hannun dama. Gwiwa ko ƙasa kan buge shi ba ka sani ba, kuma ya sha sa ƙwararru zufa a banza. Mayar da giya furi, ka ɗage jak ɗin gefe, ka matse kuloci. Babura da dama suna da 'yan makunnai a jikin jak da hannun kuloci waɗanda ke hana inji tashi, kuma idan babur ya faɗi ta hagu, wayar makunnin kuloci kan fizge. Tura ta ta koma.

Idan naka mai injekta ne, wato wanda famfo ke tura wa inji fetur maimakon kafireta, akwai wata na'ura a cikinsa da ke yanke mai da wuta da zarar ya kwanta, don kada fetur ya ci gaba da zuba. A yawancinsu ba ta sakin inji sai ka kashe makulli gaba ɗaya, babur yana tsaye, ka sake kunnawa. Kasa kunne: za ka ji famfon mai ya yi ɗan kuka na daƙiƙa 2 ko 3. Jin wannan kukan alama ce mai kyau.

Ka murɗa makulli babu fitila, babu hon? Buɗe wajen batir. Girgizar faɗuwa kan sassauta kan batir, sai ka ɗaure. Duba fiyus, musamman babban da ke kusa da batir, in ya ƙone ka sa mai lamba iri ɗaya, kada ka naɗa waya a madadinsa. In kuwa fitila na kamawa amma sitata sai "ƙyat-ƙyat" yake yi, batir ne ya yi sanyi. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mitar auna wuta. In ya sauka zuwa 12, caji yake nema.

Ga inda nake so ka nutsu. Idan ka danna sitata ya ɗan motsa ya ƙame, ko ka taka kik ka ji shi kamar dutse, tsaya nan. Kada ka ƙara, kada kuma ka ce a tura ka. Mai yiwuwa baƙin mai ko fetur ya kwarara cikin silinda lokacin da babur ke kwance. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, don haka fistin ya rasa hanyar hawa. Ka tilasta shi, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, aikin minti goma ya koma sauke inji. Abin yi shi ne ka kwance fulogi, ka rufe ramin da tsumma, makulli a kashe, ka taka kik a hankali sau da yawa har abin da ya taru ya fito. Wanda ba shi da kik sai ya sa babbar giya ya juya tayar baya da hannu. Leƙa akwatin matatar iska ma, can baƙin mai ya fi son taruwa. Goge shi, in matatar ta jiƙe sharkaf a canza ta.

Idan inji yana juyawa sarai amma ya ƙi kamawa, kuma mai kafireta ne, to ya sha mai. Kada ka ja cok, wato abin da ake ja don tayar da inji mai sanyi, ƙara masa mai za ka yi. Murɗa totur har ƙarshe ka riƙe, ka danna sitata daƙiƙa 5, ka huta 15, ka sake. Iskar da ke shiga ita za ta share fetur ɗin da ya yi yawa. Da ya kama sai ka sassauta totur, ka buɗe makunnin mai. In fetur na ɗiga daga kafireta bayan ka buɗe, ƙwanƙwasa gindinta da ƙotar sukudireba, abin da ke tsayar da mai a ciki ne ya maƙale.

Ya ƙi har bayan gwaji uku ko huɗu? Ciro fulogi. In ya jiƙe, goge shi ka bar shi ya bushe. Mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka danna sitata. Shuɗin tartsatsi na nufin wuta lafiya. Babu tartsatsi ko da sabon fulogi, to bi wayoyin gefen da ya daki ƙasa. In ba ka ga wadda ta tsinke ko ta cire ba, aikin ya zama na bakanike.

Idan ya tashi, kada hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa ya tsorata ka, baƙin man da ya ɓata hanya ne ke ƙonewa, zai ɗauke cikin 'yan mintuna. Kafin ka hau, duba yawan baƙin mai, ka leƙa ƙasa ko murfin inji ya tsage yana yoyo, ka matsa birkin gaba da na baya, sannan ka murɗa totur ka saki ka ga ko yana komawa da kansa.