Yadda mai sulhu zai bi da wanda ya kafe a kan kare kansa

Duk wanda ya taɓa zaman sasanta mutane a Jos, ko maƙwabta ne a Anguwar Rogo kan magudanar ruwa, ko manomi da makiyayi a Riyom kan ɓarna, ya san wannan hali. Kafin a gama faɗin ƙorafi, mutum ya riga ya ɗauko kariya: "Ni ban ce haka ba." "To shi fa, me ya yi mini bara?" Wani ya harɗe hannu ya yi gum, wani ya yi ta dariyar raini. Ba kullum rashin gaskiya ke sa haka ba. Galibi mutuncinsa yake ji ana taɓawa a bainar jama'a, kuma muddin yana wannan ji, hujja ba ta shiga kunnensa. Sai mai sulhu ya tsare masa mutuncin kafin ya samu sararin yin magana kan abin da ya tara su.

Rabin aikin tun kafin ranar zama ake yin sa. A gana da kowane ɓangare shi kaɗai, minti 30 zuwa 45, a bar shi ya amayar da abin da ke ransa, sannan a tambaye shi wace magana ce in ya ji ta zai tashi ya fita. A Jos, bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, kiran mutum "baƙo" ya isa ya mayar da rigimar katanga ta koma ta ƙabila da addini, don haka a cire irin waɗannan kalmomi tun a sharaɗin zama. A zaɓi wurin da ba na kowa ba, kamar ajin makaranta, a kuma kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi. 'Yan rakiya kada su wuce biyu ga kowane ɓangare, domin wanda ke da dangi goma a bayansa su yake yi wa jawabi, ba zai taɓa sassautawa a gabansu ba. Kujeru su zama iri ɗaya, a jera su kowa na fuskantar mai sulhu. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ta yi umarni da daidaita mutane a zama da kallon fuska. Wanda ya ga an fi gaida abokin rigimarsa ya gama yanke cewa an haɗa baki.

Da an fara, a bayyana cewa ba shari'a ake yi ba, babu wanda za a yanke wa hukunci. Dokar sasanci da shiga tsakani ta 2023 ta tanadi sirrin abin da aka faɗa a irin wannan zama, kuma da wannan tsari ake aiki a sashen sulhu na Babbar Kotun Abuja, wanda aka buɗe a 2003. Mutum yakan ƙi amsa ko da ƙaramin abu ne saboda tsoron a ɗauke shi a kai kotu gobe.

Idan kariya ta taso, kada a ce masa "kwantar da hankalinka" ko "ka daina musu". Hakan ƙara masa wani zargi ne. A maimaita abin da ya faɗa da kalmominsa har sai ya ce "haka ne". Sannan a sauya wa zargin riga. In manomi ya ce "Da gangan ya tura shanu gonata", mai sulhu ya juya ga ɗayan ya ce: "Ardo, Baba yana cewa dankalinsa ya lalace, kuma yana fargabar hakan ya sake faruwa kafin girbi." Ƙorafin yana nan, hukunci kan niyya ne aka cire. Niyya ba ta tabbatuwa a zaman sulhu. Ɓarna kuwa ana iya zuwa a auna ta da ƙafa.

Tambayar "me ya sa ka yi?" ita ce ta fi tayar da kariya, domin amsarta uzuri ne kawai. A ce "yaya abin ya faru daga ɓangarenka?" ko "me kake so a yi kafin damina?" Idan ya ɗauko tsohon laifi, a rubuta shi a takarda yana gani, a ce za a zo kansa, kuma lallai a zo.

Jiki ma yana da nasa. Binciken masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, John Gottman, a kan ma'aurata ya nuna cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro sosai, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya dawo daidai. Da ka ga murya na rawa, gumi na karyowa, a ɗaga zaman, a sha ruwa, mai alwala ya yi. Mai sulhu ya ce shi ne ke neman hutun, don kada a kunyata kowa. A wannan hutu ake ganawa a keɓe, kuma in an ba wannan minti 10, a ba wancan 10 ko da ba shi da abin faɗa.

Kuskuren da dattawa suka fi yi shi ne gaggawar "ka ba shi haƙuri, a wuce wurin". Haƙurin dole ba ya kwana biyu. Ya fi a nemi ƙaramin abin da zai iya amsawa ba tare da ya ji an kayar da shi ba, misali cewa shanun sun bi ta wajen a ranar, daga nan a hau maganar kuɗin ɓarna da hanyar da za su riƙa bi.

A kuma bambance kariya da kunya, da tsoro. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban kawunsa ba taurin kai yake yi ba, a ji ta bakinsa a keɓe. Matar da ke kallon mijinta kafin ta amsa kowace tambaya, wataƙila duka take gudu. Irin wannan ba a ci gaba da haɗa su wuri ɗaya, sai an tabbatar da tsaronta tukuna. Rigimar da ta shafi al'umma guda ko aka zubar da jini a cikinta, a kai ta ga sarakuna, jami'an tsaro da Hukumar Samar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato, wadda aka kafa a 2016.

Yarjejeniya a rubuta ta da sunan wanda zai yi abu, nawa, da ranar da zai yi, ba tare da kalmar "mai laifi" ba. A karanta ta da harshen da kowa ke ji, shaidu biyu su sa hannu, a sa ranar sake haɗuwa bayan mako biyu don duba abin da aka cika.