Darasi na 6: Kula da ƙullin naman kaza bayan ya yi fari

To jama'a, a darasin baya mun cusa garin katako da dusa a leda, mun turara, mun zuba iri. Yanzu sati 3 zuwa 4 ke nan, ƙullin ya yi fari fat. Sai a samu sabuwar reza a tsaga ledar wuri biyu ko uku, kar a yage ta duka, bushewa zai yi.

Shi naman kaza irin oista damina yake so a ɗakinsa ko da bazara ake a waje. Laimar ɗakin ta kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, zafi kuma kar ya wuce digiri 30, mu kuwa nan Kano da Jigawa a watan Afrilu har 40 muna gani, don haka ɗakin kwano ka ma manta da shi, nemi ɗakin ƙasa mai rufin azara ka shimfiɗa yashi kamar na gindin randa ka jiƙa, ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga. Fesa ruwa a bango da ƙasa sau 3 a rana, da hunturu a ƙara. Amma ƙananan 'ya'yan da suka fara leƙowa kamar kan ashana, kar a sheƙa musu ruwa, ruɓewa suke.

Ga inda ni na sha ƙasa. Shekarar farko na toshe ko'ina wai kar laima ta gudu, sai ga su sun fito da dogon wuya da ɗan mitsitsin kai, wallahi ko kyauta ba wanda ya karɓa. Ashe numfashi suke kamar mu. A riƙa buɗe taga safe da yamma, a sa gidan sauro saboda ƙudaje. Haske kuwa daidai wanda za ka iya karanta wannan littafi ya isa, ba rana ba.

In ka ga kore a jikin ƙulli, cuta ce, fitar da shi nesa ba gardama.

Kwana 4 ko 5 bayan 'ya'yan sun leƙo sai a cire, tun bakin hular, wato kan naman kazan, bai miƙe ba. Kama gungun daga gindi ka murɗa, ka kankare ragowar. Ci gaba da fesa ruwa, bayan sati ɗaya zuwa biyu zai sake fitowa, sai dai bai kai na farko yawa ba.