Kurakuran da muke yi a ofisoshin Abuja da hanyar gyara su

Duk mazaunin Abuja ya san cewa neman takarda ɗaya a ofis kan cinye wuni guda, musamman ga mai tasowa daga Nyanya, Mararaba, Kubwa ko Gwagwalada, wanda sai ya yi asubanci ya kutsa cikin cunkoson motoci kafin ya isa Sakatariyar Tarayya ko Wuse, sannan a tarbe shi da cewa sabis ya ɗauke, ko oga ba ya nan, ko a dawo gobe. Kaso mai yawa na wannan wahala laifin ofisoshin ne, kuma babu dalilin wanke su. Sai dai akwai wani kaso da mu masu zuwa neman biyan buƙata muke jawo wa kanmu, kuma shi ne yake hannunmu mu gyara.

Kuskuren da ya fi kowane jawo wa Bahaushe asarar lokaci da kuɗi shi ne rashin daidaiton suna a takardunsa. A gida babu wanda zai ga bambanci tsakanin Muhammad da Muhammadu da Mamman, ko tsakanin Abubakar da Garba da Habu, ko A'isha da Aishatu da Indo, domin kowa ya san mutum ɗaya ake nufi. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Mutum zai buɗe asusun banki da sunansa da na mahaifinsa, ya je rajistar katin ɗan ƙasa ya ƙara sunan garinsu, a takardar sakandare kuma malamin firamare ne ya zaɓa masa yadda za a rubuta sunan tun yana yaro. Mace kuma takan ɗauki sunan miji a wata takarda, ta bar na mahaifinta a wata. Shekaru za su wuce babu abin da ya faru, sai ranar da aka tashi neman fasfo domin aikin Hajji ko Umara, ko karɓar kuɗin fansho, sannan a ga lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hukumar NIMC ke bayarwa tana ɗauke da suna ɗaya, lambar tantance masu asusun banki ta BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014 tana ɗauke da wani. Hukumar shige da fice tana ɗauko bayanan mai neman fasfo ne daga NIN ɗinsa, saboda haka duk kuskuren da ke can sai ya tare hanya a nan.

Gyaran yana farawa ne a gida, tun kafin buƙata ta taso. A shimfiɗa dukkan takardu a wuri ɗaya, a duba su harafi bayan harafi, a lura da wane suna ne na farko, wane ne na tsakiya, wane ne na ƙarshe, domin ko sauya jerin sunayen kaɗai ya isa a ce ba mutum ɗaya ba ne. Daga nan a zaɓi rubutu ɗaya, kuma ya fi dacewa a zaɓi wanda ke kan takardun makaranta, tun da su ne suka fi wuyar sauyawa, sannan a bi sauran a daidaita su da shi. Sauya suna yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, a lokuta da dama har da sanarwa a jarida. Haka batun ranar haihuwa yake, ko ma ya fi tsanani. Da yawa daga cikin iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai a cike musu 1 ga Janairu a wani fom, a wani kuma a rubuta abin da ya zo bakin mai cikewa. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya nemi takardar tabbatar da haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya riƙe wannan rana ɗaya har abada. Yara kuwa a yi musu rajista tun suna jarirai, kuma uba ya tsaya da kansa ya ga yadda aka rubuta sunan kafin a buga hatimi.

Sai kuma dogaro da magana ta fatar baki, wanda shi ne tushen yawancin sauran matsaloli. Mun saba a kasuwa da unguwa cewa idan dattijo ya ce an gama, to an gama, sai mu ɗauki wannan ɗabi'a mu kai ta ofis. Mutum zai miƙa takardarsa ga wani ma'aikaci a kan baranda, ma'aikacin ya ce, "Alhaji, kada ka damu, ka bar min komai," ya jefa ta cikin aljihun tebur. Bayan wata biyu an yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin babu inda aka rubuta cewa takardar ta shigo. Ka'idar ita ce a kai kowace wasiƙa sashen rajista, a je da kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗayan hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu, a tafi da shi gida. Wannan kwafi mai hatimi shi ne kaɗai hujjar mai nema idan aka ce fayil ya ɓace. A nemi lambar fayil ɗin a rubuta, kuma a duk zuwan da aka yi a tambaya cikin ladabi teburin wa ya kai, a rubuta ranar a ɗan littafi. Ma'aikacin da ya ga mutum yana buɗe littafi yana cewa, "Ranka ya daɗe, ranar Talata an ce min yana ofishin darakta," yakan sauya yadda yake amsawa.

Kada a bar ainihin takardar shaida a hannun kowa sai an ba da rasit ɗin karɓarta. A nuna ta, a bar kwafi, a kuma ɗauki hoton kowace takarda a adana a waya.

A bakin kusan kowane ofishi mai cunkoso akwai masu tarar mutum tun daga ƙofa suna cewa suna da hanya a ciki. Mai gaggawa yakan ga biyansu ya fi sauƙi, kuma wani lokaci aikin yakan fito, abin da ke sa mutane ci gaba da komawa gare su ke nan. Amma su ne suka fi kowa cike fom da sauri ba tare da tambaya ba, su rubuta suna yadda suka ji, su sa lambar wayarsu da adireshin imel ɗinsu a maimakon na mai takarda, ta yadda duk saƙon da hukuma za ta aiko daga baya wurinsu zai je. Kuɗin ma'aikatun gwamnatin tarayya kuwa, tun da aka tilasta amfani da asusun bai ɗaya a 2015, akasari ta manhajar Remita ake biyansu, inda ake fitar da lamba ta musamman mai suna RRR, a biya a banki ko ta intanet, a sami rasit. Duk wanda ya ce a tura kuɗin hukuma cikin asusunsa na kansa, ko a ba shi a hannu, ya kauce wa hanya. Yana da kyau kuma a tuna cewa dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 ta ɗora laifi a kan mai bayar da cin hanci kamar yadda ta ɗora a kan mai karɓa, ko da an kira shi na goro.

Wani kuskuren shi ne huce haushi a kan wanda ba shi da ikon yanke hukunci. Yarinyar da ke zaune a teburin karɓar baƙi a banki, ko mai gadin ƙofa, ba su ne suka riƙe kuɗin mutum ba, kuma ɗaga murya a kansu ba ya motsa fayil, sai dai ya sa a daina sauraren mai magana. Abin da ya fi amfani shi ne a tambayi wanda ke da alhakin lamarin, a nemi ganinsa. A yawancin ma'aikatun tarayya akwai teburin SERVICOM, shirin da aka kafa a 2004 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo domin sauraren koken masu hulɗa da ofisoshin gwamnati, amma mutane da yawa suna wuce shi ba su san amfaninsa ba.

Akasin wannan kuskure shi ne a haƙura a bar wa Allah tun ba a ɗauki matakin farko ba, ko kuma a tsallake matakan a tafi kai tsaye Facebook. Kowane fanni yana da tsaninsa. Idan na'urar cire kuɗi ta zare kuɗi daga asusu ba ta bayar ba, ko aka yanki kuɗin da ba a gane ba, a fara rubuta wa bankin, a karɓi lambar bin diddigin koken. Idan makonni biyu suka wuce ba a warware ba, a kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa an kai koken banki tukuna. A harkar waya, bayan an kai kuka ga kamfanin layin an karɓi lambar koke, ana kiran 622, lambar kyauta ta hukumar sadarwa ta NCC. A harkar wutar lantarki, mai fama da bil na ƙiyasi ko jinkirin samun mita zai rubuta wa sashen koke na kamfanin rarraba wuta, idan bai gamsu ba ya wuce zauren sauraren koke na hukumar kula da harkar wutar lantarki ta NERC. Kayan da aka saya suka zo da matsala, mai shago ya ƙi sauraro, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ce ke da hurumi. Wanda kuma yake son sanin dalilin da ya sa aka riƙe lamarinsa a ma'aikatar gwamnati yana iya neman bayani a rubuce a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Ita kanta wasiƙar koken tana da nata kurakuran. Mukan cika shafi uku da labarin wahalar da aka sha da addu'o'i, a manta da abin da mai karantawa yake nema. Shafi ɗaya ya isa: cikakken suna kamar yadda yake a takardu, lambar asusu ko ta mita ko ta fayil, ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, matakan da aka riga aka ɗauka, da abin da ake so a yi a fili, wato a mayar da kuɗi ko a gyara suna ko a kawo mita. A haɗa da kwafin rasit da na wasiƙar farko mai hatimi. Idan ma'aikatar gwamnati ce ta yi biris da duk wannan, akwai Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, mai hedikwata a Maitama, wadda ke karɓar koke kyauta ba tare da lauya ba. Sai dai dokarta ta hana ta binciken lamarin da ya wuce wata 12 da faruwa, saboda haka wanda ya shafe watanni ana ce masa ya dawo gobe ya lissafa kwanakinsa, ya shigar da kokensa tun wa'adin bai cika ba.