Yadda ake shirin ziyarar Suwidin ba tare da an yi asarar kuɗin biza ba

Mutum zai biya ejan, ya yi sammakon Abuja, bayan 'yan makonni a miƙo masa fasfonsa da wata takarda a ciki an yi alama a layi guda: ba a gamsu zai bar ƙasar kafin bizarsa ta ƙare ba. Kuɗin da ya biya kuma ba ya dawowa. Na ga haka ta faru da 'yan kasuwa masu rufin asiri, da malaman jami'a masu zuwa taro, da iyaye mata da aka gayyata su je ganin jika. Kusan dukansu wuri ɗaya suke tuntuɓe, kuma a wurin zan fi daɗewa.

Fara da sanin irin bizar da kake nema. Suwidin tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da bizar ziyara guda, tun 2001, don haka bizar ziyara da za ta ba ka tana aiki a Danmak da Norwe da Jamus da sauran ƙasashen yankin. Iyakarta kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Wanda zai wuce kwana 90, kamar uwar da za ta je jegon 'yarta ta zauna wata huɗu, izinin zama na baƙo zai nema daga hukumar shige da ficen ƙasar, Migrationsverket, kuma wannan hanya ce dabam mai ɗaukar lokaci. Doka ta ce ka nema a ƙasar da za ka fi daɗewa. Idan Suwidin za ka, kar wani ya ruɗe ka da cewa wata ƙasar ta fi saurin bayarwa. A kan iyaka ana tambaya, kuma jami'i yana da ikon soke biza nan take in ya ga an yi ƙarya wajen nemanta.

Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida tafiya, kuma ba a son ya gaza kwana 15. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45. Ni dai dokata ita ce a miƙa tun saura wata uku. Samun ranar ganawa a cibiyar VFS Global, wadda take karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci, shi kaɗai yana iya cin makonni, musamman daga Mayu zuwa Agusta. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni na 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar. Da kanka za ka je a ɗauki zanen yatsunka, kuma wannan yana aiki har wata 59.

Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma ya rage masa wata uku bayan ranar dawowarka. Ka ajiye shi gefe da takardar banki da takardar wurin aiki ka duba suna. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a na uku, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, jami'in da bai taɓa ganinka ba bai sani ba. A gyara kafin a miƙa, ko a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu.

Yanzu ga inda ake faɗuwa.

Suwidin tana son ganin kana da Kurona 450, wato kuɗin ƙasar, na kowace rana da za ka yi. Sati biyu ke nan Kurona 6,300, ban da tikiti. Mutane suna jin wannan adadi sai su ɗauka shi ne jarrabawar. Sai mutum ya je wurin abokin kasuwanci ko yayansa ya ari miliyan goma, a zuba masa a asusu saura kwana huɗu ya buga takardar banki. Jami'in da zai karanta takardar ya fi duba tafiyar kuɗin a kan abin da ya rage a ƙasa. Zai ga wata biyar asusu yana juya dubu tamanin, dubu ɗari, sai rana ɗaya miliyan goma ta faɗo daga sunan da ba a yi bayaninsa ba. Kamar mutum ne ya aro babbar riga ranar zuwa neman aure, alhali surukai sun san shi da wadda yake sawa kullum. Wannan kuɗin aro ya fi rashin kuɗi illa, domin daga nan duk wata takarda da ka kawo da ido na zargi za a kalle ta.

Abin yi shi ne ka fara gyaran asusunka tun wata shida kafin ka nema. Ma'aikaci abin ya zo masa da sauƙi: albashi yana shiga a rana sananniya, ya haɗa da takardun albashi da wasiƙar wurin aiki mai ɗauke da matsayinsa, da ranar da aka ba shi hutu, da ranar da zai koma bakin aiki. Ɗan kasuwa ne ke shan wuya, kuma shi ne ya fi kuɗin. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa yana iya juya miliyoyi a mako, amma rabin cinikin tsabar kuɗi ne a durowa, wani ɓangaren yana shiga asusun yaron shago, wani yana shiga na mai POS na bakin layi. A takarda kamar ba ya sana'ar komai. In kana cikin wannan hali, daga yau ciniki ya riƙa shiga asusu ɗaya mai sunanka ko sunan kasuwancinka. Ka yi rajistar kasuwanci ta CAC in ba ka yi ba, ka nemi takardar biyan haraji, ka ajiye rasitan sayen kaya da na hayar shago. In kuwa da gaske wani babban kuɗi ya shigo, ka sayar da fili ko mota ko an raba gado, haɗa takardar cinikin ka yi bayani a layi biyu. Takardar banki ta wata shida nake cewa a kai ko da an ce ta wata uku ta isa, kowane shafi da hatimin banki.

Tambayar da ke cikin zuciyar jami'in guda ɗaya ce, me zai dawo da wannan mutum gida? Amsar ita ce aikinka, shagonka, matarka da 'ya'yanka, gidanka, karatun da ba ka gama ba. Kowanne sai da takarda. Da yawanmu an ɗaura mana aure a ƙofar gida ko a masallaci, shaidu sun shaida, an watse ba a rubuta komai ba. Nemi takardar shaidar aure tun yanzu, da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya. Saurayi marar aure da bai daɗe da fara aiki ba, fasfonsa fari fat, shi ya fi kowa fuskantar ƙi. Shawarata gare shi ya nemi kwana goma ko sha biyu da dalili bayyananne, kar ya rubuta kwana 90 don an ce ita ce iyaka. Wanda ya ce yana da aiki amma zai bar shi wata uku ya riga ya ƙaryata kansa.

Idan wani ne ya gayyace ka, akwai fom na gayyata na Migrationsverket da zai cike, ya haɗa da kwafin fasfonsa ko katin zamansa, da takardar rajistar mazauna da ake karɓa daga hukumar haraji, Skatteverket. In shi zai ɗauki nauyinka, sai ya sa takardun albashinsa. Ku yi waya ku daidaita magana: ranar zuwa, ranar komawa, dangantakarku. Kalmar ɗan'uwa a wurinmu tana da faɗi. In ɗan ƙanin mahaifinka ne, a rubuta haka, kar a ce uwa ɗaya uba ɗaya alhali sunayen iyaye a takardu sun bambanta. Yaron da zai yi tafiya da mahaifi ɗaya yana buƙatar rubutaccen izinin ɗayan.

Game da ejan, ra'ayina a fili yake: ba ka buƙatarsa. Fom ɗin ba shi da wuyar da ɗanka ko ƙaninka mai karatu zai kasa taya ka. Ɓarnar da na fi gani ita ce ejan ya haɗa ajiyar otal ta bogi, ko ta gaske wadda zai soke washegari, ko ya ƙirƙiro wasiƙar kamfanin da ba ka taɓa yi wa aiki ba. Ana kiran otal, ana kiran wurin aiki. Ƙin da aka yi maka yana shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Shengen suke gani, kuma sunanka ne a ciki, ejan yana gida. Yi ajiyar otal da kanka, irin wadda ake sokewa kyauta. Tikiti kuma ajiya kawai za ka kai, kar ka biya sai biza ta fito. Inshorar lafiya dole ce, ta aƙalla Yuro 30,000, mai aiki a duk yankin Shengen na duk kwanakin tafiya. Ba ta da tsada, kar a yi wasa da ita. In an ƙi ka, kana da mako uku ka ɗaukaka ƙara a rubuce, amma in raunin daga takardar banki ne, gara ka gyara ka sake nema.

Biza ta fito, duba ta tun a cibiyar: suna, lambar fasfo, ranakun farawa da ƙarewa, da adadin kwanakin da aka ba ka. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya zuwa Stockholm, babban birnin Suwidin, sai an ya da zango a Adis Ababa, Doha, Istanbul ko wani birnin Turai. In ta Frankfurt ko Amsterdam ka bi, a can za ka gamu da jami'an shige da fice, don haka kwafin gayyata, inshora, ajiyar otal da tikitin dawowa su kasance a jakar hannu. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin da ake ɗaukar hoton fuska da yatsu a kan iyaka. Ba a hanzari a layin, kar ka zaɓi zangon awa ɗaya.

Tsaraba: kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk wani nama ko kayan madara daga wajen Tarayyar Turai haramun ne a kwastam, komai ƙanƙantarsa. Na san mai masauki zai roƙa, ka ba shi haƙuri. Dabino ya halatta. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana ta. Magani ya zauna a kwalinsa da takardar likita, musamman masu sa maye irin tramadol da kodin, waɗanda ake ƙayyade yawan da za a shigo da shi.

Kar ka dogara da tsabar kuɗi. Shaguna da yawa a Suwidin ba sa karɓarta sam, motocin bas na Stockholm ma haka, kuma Kurona ake kashewa, ba Yuro ba. Manhajar Swish da 'yan ƙasar suke biya da ita sai mai asusun banki a can. Kati mai aiki a waje kake buƙata, na asusun dala ya fi kwanciyar hankali, ka gwada shi kafin ka tashi, ka riƙe na biyu. Daga filin jirgin Arlanda, mai nisan kusan kilomita 40 daga Stockholm, jirgin ƙasa na Arlanda Express yana kai ka tsakiyar gari cikin minti 20 amma da tsada. Bas ɗin Flygbussarna ya fi araha, kusan minti 45. Tasi ba shi da ƙayyadadden farashi, tambayi kuɗi kafin ka shiga.

Zuwan farko a yi shi tsakanin Mayu da Satumba. A Disamba a Stockholm rana tana fitowa wajen ƙarfe tara saura ta faɗi kafin uku na yamma, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere cikin 'yan awanni. A Yuni kuma hasken rana ya haura awa 18, sai ka bi jadawalin salla na babban masallacin Stockholm da ke kusa da tashar Medborgarplatsen. In dole sai da sanyi, sanyin hunturunmu ba ma'auni ba ne. Sayi wando da riga na ciki masu kama jiki, rigar ulu, jaket mai kauri, safar hannu, hular da ke rufe kunne, da takalmi mai ƙasan roba saboda santsin ƙanƙara. Gwanjon Ƙofar Wambai ya wadatar, a Suwidin farashin zai ba ka tsoro. Man shafawa mai kauri dole ne.

Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, sayi adafta tun a gida. Ruwan famfo ana sha. A jikin kayan abinci ka kula da fläsk, gris da skinka, duk alade ne, kuma ƙwallon naman da suka shahara da shi galibi haɗin naman shanu da na alade ne. Naman halal yana samuwa sosai a unguwanni irin Rinkeby ta Stockholm. Ana cire takalmi a ƙofar gida, ƙarfe shida kuma ƙarfe shida ce. Mai tafiya da yara ya sani dukan yaro laifi ne a ƙasar tun 1979, ko mari ɗaya a bainar jama'a yana iya jawo 'yan sanda. Lambar gaggawa 112, ta shawarar lafiya 1177.

Ka ƙirga kwanakinka da ranar shiga da ranar fita duka a ciki. In an rubuta kwana 15 a bizar da ranakunta suka kai wata guda, kwana 15 ɗin ne naka, kuma jirgin dawowa ya tashi kafin su cika.